Man goge baki mai lisozim zai tsayar da jinin dasashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Duk sanda na goge baki sai na tofar da jini. Wani mai kemis a wajen Taminus ya nuna min man goge baki mai tsada, ya ce akwai sinadarin lisozim a ciki, mai kashe ƙwayoyin cuta. Maƙwabciyata kuma ta ce ai a farin ƙwai sinadarin yake, in riƙa shafa ɗanyen ƙwai a dasashi. Wanne zan bi? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, akwai lisozim a farin ƙwai. Amma yana nan cikin yawun bakinki ma, da hawaye, da nonon uwa. Alexander Fleming, wanda daga baya ya gano fenisilin, shi ya bayyana shi a 1922 a Landan. Mura ce ta kama shi, ya ɗiga majinarsa a farantin da ake renon ƙwayoyin cuta, sai ya ga na kewayen wurin sun narke.

Yadda yake aiki shi ne, ƙwayar bakteriya tana da bango da ke riƙe ta. Lisozim yana tsinke sarƙar da ta ɗaure bangon, sai ƙwayar ta fashe. A ɗakin gwaji ana ganin abin da ido: ruwa mai gurɓi da ƙwayoyi ya koma garau. To amma baki ba faranti ba ne. Ƙwayoyin da suka fi cin dasashi, irin su Porphyromonas gingivalis, suna da wata riga ta biyu a kan bangonsu, wadda ke hana lisozim isa wurin da zai yanka. Sannan a dunƙule suke zama cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke manne a gindin haƙori. Dattin nan ne ke kumbura dasashi har ya yi jini. In ya daɗe sai ya daskare kamar siminti, kuma a nan babu man da zai cire shi, sai likitan haƙori ya kankare.

Ni dai masu bushewar baki nake gani man lisozim zai iya ɗan amfana, tunda yawunsu ya ragu. Yawanci daga ƙwai ake samo shi, saboda haka wanda jikinsa ba ya karɓar ƙwai ya kiyaye. Ɗanyen ƙwai kuwa ki bar shi, ki dafa wa yara, domin yana iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonela, mai lalata ciki.

Ki je a duba bakin, a wanke haƙoran. Kada ki daina goge wurin don yana jini, mata da yawa nan suke kuskure. Ki yi amfani da buroshi mai laushi safe da dare, da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, ko mai araha ne. Aswaki ma yana da kyau in ana bin gindin haƙori a hankali. In kina da juna biyu ki faɗa wa likitan, don ciki kan sa dasashi saurin jini. Ki kuma nemi a gwada miki suga, saboda ciwon suga da ciwon dasashi suna rura wa juna wuta.