Ba a mayar wa kebul ƙasar da aka haƙo

Kai yaro, wai tambayarka me ya sa sai an kawo yashi an tace an shimfiɗa kafin a kwantar da kebul ɗin wutar lantarki a cikin rami, alhali ga ƙasar da muka haƙo a gefe tuli guda? Wallahi ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi.

Shekarun baya na yi wa wani ɗan kwangila aikin layin 33kV, kebul ɗin XLPE (mai rufin wata irin roba), joyin shida, wato mahaɗar kebul da kebul, na haɗa da hannuna, kowanne sai da na kafa tanti a kansa saboda ƙura da raɓa. Na gama na ce a kawo yashi, ya ce an kawo, ashe da dare ya sa leburori suka tura ƙasar ramin da duwatsunta, kuɗin yashin ya soke a aljihu. Na ce to a gwada rigar wajen kebul ɗin, wato robar da ta lulluɓe shi, wutar gwaji 10kV DC ce fa na minti ɗaya kacal, da nan take ta tona asiri, ya ce injiniya na sauri a ba da wuta. Ni ma da laifina, na yi shiru don ragowar kuɗina na hannunsa.

Kebul idan ya ɗau lodi zafi yake yi ya miƙe, ya huce ya koma, kullum yana goga jikin dutse. Dutsen ya huda riga, damina ta zo ruwa ya shiga ya ci jan ƙarfen da ke zagaye, wata goma sha huɗu layi ya buga. Wa aka kira? Mai joyin mana. Kwana tara ana neman wurin, don wannan ba wayar sama ba ce da za ka ɗaga kai ka hango. Da aka tone, joyin ɗina lafiya lau, hujin na can tsakiyar kebul, dutse kamar ƙwan kaza manne a jiki. Har yau bai biya ni ba, haƙuri ma bai ba ni ba.

A manyan layuka irin 132kV yashin ma har siminti ake ɗan haɗa masa don ya riƙa janye zafi. Zancen zurfin rami da silab ɗin kariya da tef ɗin gargaɗi kuwa ba zan ɓata bakina ba, wata bakwai kana bina. Ku yaran yanzu waya na hannu ana aiki, sai an rufe rami ku zo da tambaya. Gobe kai za ka tsaya a kan masu tace yashin, in na tsinci tsakuwa ɗaya a ramin nan da kai zan yi.