Ulu mai sauya launi: ta yaya murabba'ai za su fito a bargo?

'Yar uwa, kin ce kin sayi ulu mai rikiɗa daga shuɗi zuwa kore, amma da kika fara saƙa bargon sai launukan suka cakuɗe, ba fasali. Laifin faɗin ne. Idan kika ɗora ɗauri 200 a tsinke, wato madaukan ulun da ake jerawa a kansa, launi ɗaya ba ya yin layuka da yawa yake ƙarewa.

Ki koma ƙananan murabba'ai. Ki ɗora ɗauri 41, ki yi saƙa ta gaba kawai, kowane layi na biyu ki haɗe uku na tsakiya su zama ɗaya. Saƙar za ta lanƙwashe da kanta, launi ya riƙa zagaye kusurwa, har ya rage ɗauri ɗaya. Murabba'i na gaba kuwa ki tsinto rabin ɗaurinsa daga gefen wanda kika gama, ki ɗora sauran a tsinke, kin huta da ɗinki.

Sai dai ki kula da ƙulli a cikin dunƙulen ulun, inda aka haɗa zare biyu, don launi kan tsallake a wurin. Ni ya taɓa cin amanata, ja ya faɗo tsakiyar toka kwatsam. Da kin gan shi, ki yanke, ki warware har inda launin ya dace. Kuma ki sayi ulun gaba ɗaya, mai lambar rini iri guda.