Hukuncin fitar da ɗan'uwa daga gidan gado kafin rabo

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa wata biyu da suka wuce a Ƙofar Marusa, cikin Katsina. Ya bar mata ɗaya, wadda ba ita ta haife mu ba, da 'ya'ya maza 2, mata 3, iyayensa kuwa sun riga shi rasuwa. Dukiyarsa gida ɗaya ce. Ƙanensa, wanda muke kira Baba, yana zaune a ɗakin da ke bayan zaure kusan shekara 20, shi ya sa wa ɗakin kwano da ƙofa. Yayanmu ya sami mai saye, ya ce Baba da matar su tashi a wannan wata. Yana da wannan iko?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku. Yayanku ba shi da wannan iko. Girman ɗan fari ba ya mayar da shi mai gida. Tun ranar rasuwa gidan ya zama na tarayya tsakanin magada, kuma ba a taɓa rabo sai an fitar da kuɗin likkafani da binnewa, an biya bashi, sannan wasiyya, wadda ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba.

Matar mahaifinku tana cikin takaba, wata 4 da kwana 10 kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 234. A mazhabar Imam Malik, idan gidan mallakar mijin ne, tana da haƙƙin zama a ɗakinta har ta gama, saboda Annabi (SAW) ya umarci Furai'a 'yar Malik ta zauna a gidanta har wa'adin ya cika. Fitar da ita yanzu haramun ne. Idan tana da ciki, sai a dakatar da rabon gaba ɗaya har ta haihu. Bayan takaba ma ai magajiya ce, tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, yana cikin gidan. A ce an yi wa gidan kuɗi naira miliyan 16 bayan bashi: tata miliyan 2, sauran 14 a kasa 7, kowane namiji miliyan 4, kowace mace miliyan 2.

Batun Baba shi ne mai buƙatar natsuwa. Ba ya cin gado, domin ɗa namiji yana katange ɗan'uwa. Amma rashin gado bai isa a ce ya kwashe kayansa gobe ba, sai an san da wace magana ya shiga ɗakin. Idan ya ce kyauta aka ba shi, sai ya kawo shaidu biyu adilai, kuma a tabbatar ya karɓi ɗakin tun marigayi yana da lafiya. Idan ya tabbata cewa marigayi ya ce masa "zauna har ƙarshen rayuwarka", wannan ita ce umra: ɗakin naku ne, zaman nasa ne, ba mai tayar da shi sai mutuwa, kuma dole a bayyana wa mai saye. Idan kuwa aro ne ba wa'adi, magada suna iya karɓar abinsu bayan sun ba shi lokacin da zai nemi wurin komawa. Kwano da ƙofar da ya sa da kuɗinsa kuma, ko a biya shi ƙimarsu, ko ya cire abinsa.

Ga yadda za ku bi. Ku zauna dukkanku, har matan da ke gidajen aure, domin a nan ake yawan yin kuskure: maza su yi ciniki, daga baya wata ta ce ba ta sani ba, cinikin rabonta ya tsaya ga yardarta. Ku kira malami da mai unguwa, a samo masana biyu su yi wa gidan kuɗi, a rubuta, kowa ya sa hannu. Idan gidan zai rabu ba tare da ya lalace ba, a raba, a jefa ƙuri'a. Idan ba zai rabu ba, wani kuma ya nemi a sayar, alƙali yana tilasta wanda ya ƙi. Wanda ya sayar wa bare da kasonsa kafin rabo, sauran suna da haƙƙin shufu'a, su biya kuɗin su karɓa.

Idan sulhu ya gagara, ku tafi kotun shari'ar Musulunci. Alƙali ne kaɗai zai ba da umarnin tashi. Canza kwaɗo, yanke wuta, ɓalle rufi da damina ko watso kayan tsoho a ƙofar gida zalunci ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi daga ƙasa bakwai.

Shawarata gare ku, ko da ta tabbata aro ne, ku cire wani abu daga rabon manyanku da suka yarda ku kama wa Baba haya ta shekara, bisa umarnin Suratun Nisa'i aya ta 8 na ba dangin da suka halarci rabo. Kada a taɓa kason yaron da bai balaga ba. Wallahu a'alam.