Na sa atexit, amma manhajata tana barin tarkace

Tambaya: Malam, na rubuta ƙaramar manhaja da Python a Linux, tana ajiye fayil na wucin gadi yayin da take aiki. Na sa atexit, sashen Python da ke gudanar da aiki lokacin fitar manhaja, ya goge shi idan ta gama, amma wani lokaci sai in tarar da shi yana nan. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, iyakar atexit ce ka ci karo da ita. Aikin da ka yi wa rajista da atexit.register yana gudana ne idan manhaja ta fita salin alin: ta kai layinta na ƙarshe, ko an kira sys.exit, ko kuskure ya taso ba a tare shi ba, har ma da Ctrl+C. Wanda aka yi wa rajista a ƙarshe shi ke fara gudana, kamar yadda yake a yaren C tun ƙa'idarsa ta 1989.

Inda ake tuntuɓe shi ne sigina, wato ɗan saƙon da Linux ke isar wa manhaja mai aiki. Idan ka buga umarnin kill, ko systemd ko Docker (manhajojin da ke tayar da wasu manhajoji su kuma tsayar da su) suka zo tsayar da manhajar, SIGTERM suke aikawa, mai lamba 15. Python ba ya tare wannan siginar da kansa, sai manhajar ta mutu nan take, atexit bai ko motsa ba. Maganin ba shi da wuya: yi amfani da signal.signal ka kama SIGTERM, a ciki ka kira sys.exit, sharar za ta gudana. Amma ka taƙaita ta, domin Docker daƙiƙa 10 kawai yake jira kafin ya aiko SIGKILL.

Ita kuwa SIGKILL, mai lamba 9, babu manhajar da ke iya tare ta. Atexit ba zai gudana ba ke nan; haka idan an kira os._exit mai fitar da manhaja nan take, haka ɗauke wuta kwamfuta tana tsakiyar aiki, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu.

Shi ya sa nake matsa wa masu koyo su riƙa shara a farko ma. Da manhaja ta tashi, ta duba ko akwai ragowar jiya, ta kwashe. Idan fayil ɗin na kulle ne, wato mai nuna cewa manhajar tana kan aiki, rubuta lambar PID (lambar da Linux ke ba kowace manhaja mai aiki) a cikinsa, ta duba ko mai lambar yana raye kafin ta goge.

Ga matsalarka kuwa, ni da tempfile.TemporaryFile zan yi aiki, cikin with. A Linux fayil ɗin ba ya riƙe suna a cikin folda, don haka ko da SIGKILL aka kashe manhajar, Linux da kansa zai karɓe wurin.