Inna ba ta ƙara ci ba, amma tumbi na fitowa, ƙafafu na sirancewa

Assalamu alaikum Anti,

Daga Argungu nake rubuto miki, a kan mahaifiyarmu. Shekarun Inna 68, nauyinta kilo 62, kuma shekara uku ke nan duk watan da aka kai ta awon hawan jini abu ɗaya sikelin asibiti yake nunawa. Sai dai jikin ya sauya. Zaninta ya daina zagayowa yadda ya saba, da na sa tef ɗin tela na auna ƙugunta sai ya ba ni santimita 94, alhali damatsanta da sha-raɓarta sun sirance har fata na reto. In ta ɗago daga sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe, nafila kuwa yanzu a zaune take yi.

Ga abin da take ci. Da safe koko kofi ɗaya da ƙosai uku. Da rana shinkafa da mai da yaji, mai kamar cokali uku. Da dare tuwon shinkafa malmala ɗaya da rabi da miyar kuka. Shayi sau biyu, kowanne da sukari cokali uku, ga lemon kwalba da masu zuwa gaisuwa ba sa rabo da kawowa. In an sa mata kifi ko nama sai ta rarraba wa jikoki, ta ce turamenta sun zube, kuma ai tsoho bai buƙatar daɗi. Tun da aka same ta da hawan jini muka hana ta shara da daka da zuwa kasuwa, wuni take a kan darduma.

Yanzu gida ya rabu biyu. Yayanmu ya ce a rage mata abinci, a yanke tuwon dare. Ƙanwata ta ce yunwa ce ke cin ta, har ta sayo mata maganin buɗe ciki a kemis. Ni da ke dafa mata na rasa wanda zan bi. Nawa ya kamata mai shekarunta ta ci a rana, kuma me?

’Yarki daga Argungu

Wa alaikumus salam ’yata,

Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki ladan jinya. Ki fara ɓoye maganin nan na kemis tukuna. Irin waɗannan na buɗe ciki, wasu barci da jiri suke saukarwa, tsohuwar da ƙafarta ta riga ta yi rauni kuwa faɗuwa ɗaya ta isa ta karya mata ƙugu. Wasu kuma, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, suna haura da sukari da hawan jini, su tara kitse a ciki da fuska, su cinye tsoka da ƙashi. Wato ainihin abin da kike kuka da shi ne za su ƙara.

Yayanku ya hango rabin gaskiya, ƙanwarki ta hango ɗaya rabin. Jikin Inna yana buƙatar makamashi ƙasa da da, amma abincin da ke gina tsoka yana buƙatarsa fiye da da. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2021, wanda aka auna mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, ya nuna yadda jiki ke ƙona abinci kusan a tsaye yake daga shekara 20 zuwa 60. Bayan sittin ne yake fara sauka, ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara, har in mutum ya haura casa’in ya zama yana ƙona kusan kashi ɗaya bisa huɗu ƙasa da ɗan shekara hamsin. Wannan raguwar a shekara takwas ba ta da yawa. Abin da ya fi taɓa Inna shi ne zaman da kuka sa ta. Tsoka dama tana zaizayewa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma tun daga talatin, ta ƙara gudu bayan sittin, wadda ba a mora kuwa ta fi saurin tafiya. Tsoka ta tafi, kitse ya maye gurbinta a ciki, sikeli ya ci gaba da cewa 62. Shi ya sa tef ɗinki ya fi sikelin faɗin gaskiya, domin ƙugun mace in ya wuce santimita 88 haɗarin ciwon sukari da na zuciya ya ƙaru.

Mace mai shekarunta da ba ta yawan motsi, kalori (wato ma’aunin makamashin abinci) 1,600 ne kimanin buƙatarta a rana, in tana ɗan kai-kawo ya kai 1,800. Bari mu ƙirga inda nata ke zurarewa. Cokalin mai babba guda ɗaya kalori 120 ne, man gyaɗa ne ko manja, ke nan man shinkafar rana kaɗai 360. Sukarin shayi cokali shida ya kusa 100. Lemon kwalba ɗaya akwai sukari kamar cokalin shayi tara a ciki, kusan kalori 150, na malt ma bai fi shi sauƙi ba. Kin ga fiye da 600 sun tafi, sama da sulusin rabonta na yini, ba tare da ko ƙwayar abin gina jiki ba.

Shi kuma abin gina jikin, wato furotin, masana abincin tsofaffi sun tsaya a kan giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyin wanda ya haura 65. Na Inna ya kama giram 62 zuwa 74 a rana. Abin da kika lissafa mini da ƙyar ya kai rabin haka. Kuma tsokar tsoho ba ta amsa ɗan kaɗan, sai an ba ta giram 20 zuwa 30 a zama ɗaya, don haka a raba shi uku, kada a tara shi duka a tuwon dare.

Da safe ki bar mata kokonta, sukari cokali ɗaya, ki haɗa da dafaffen ƙwai biyu, giram 12 ke nan, da kofin kindirmo mai kauri wanda zai ba da kamar 8. Nonon kasuwa da aka tsinka da ruwa ba zai kai haka ba, madarar shanu ɗanya kuma sai an tafasa. Ranar da babu ƙwai, alala ta fi ƙosai, tunda ba ta sha mai ba kuma ba ta neman haƙori. Da rana a juya shinkafa da mai ta koma wake da shinkafa, waken ya rinjaya: kofi ɗaya na dafaffen wake giram 13 ne, shinkafa rabin kofi, mai cokali ɗaya, a kwaɗa zogale ko rama da ƙuli-ƙuli a gefe. Ki jiƙa waken tun dare, ki zubar da ruwan, zai yi saurin nuna ya rage kumburin ciki, ba sai kin jefa kanwa ba, domin kanwa ’yar uwar gishiri ce ga mai hawan jini. Tuwon dare kada a yanke shi, a mayar da shi daidai dunƙulen hannunta, miya ta yi yawa.

Ku da Allah ya zaunar a bakin kogi, abin takaici ne a ce Inna na rasa kifi. Tarwaɗa ko karfasa yanka ɗaya kamar tafin hannu giram 20 ne na furotin, banda kuwa ta fi haka tunda ruwanta ya ƙone. Maganar haƙori turmi ne maganinta: ki gyara bandar, ki cire manyan ƙayoyi, ki daka ta lukui, ki zuba cokali biyu ko uku a miyarta. Ƙananan kifayen da ake dakawa da ƙayarsu sun fi, don suna ƙara mata sinadarin ƙarfafa ƙashi. Abin da ya narke a miya kuma ba ya rabuwa ga jikoki. Ita kyautar tata kada ki yi mata faɗa a kai, halin iyaye ne, ki dai ciyar da yaran kafin ki kai mata nata kwanon. Da daddawa da garin kifi a tukunya za ki iya rage dunƙule, domin gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya kai cokalin shayi ɗaya ba, giram 5, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa.

Kafin ki ƙara mata furotin, ki nemi a yi mata gwajin ƙoda a asibitin da take karɓar magani, tare da na sukari da na yawan jini. Hawan jini na taɓa ƙoda shiru, in kuwa ta taɓu likita ne zai yanke adadin. A kuma duba cikin nan da hannu. Tumbin kitse a hankali yake fitowa, yana da laushi. Wanda ya taso cikin ’yan makonni ya ɗaure tamau, ko ya zo da kumburin ƙafa ko saurin ƙoshi, yana iya zama ruwa ne daga hanta ko zuciya ko mahaifa, wannan ba na kicin ba ne. Haka in ta zubar da kilo uku cikin wata shida ba da niyya ba, ko haɗiya ta fara yi mata wuya, ko bayan gidanta ya koma baƙi.

Sai ruwa. Tsufa na dushe ƙishirwa, ga tsofaffinmu da ƙin sha don riƙe alwala da gudun fitsarin dare. Aƙalla lita ɗaya da rabi take buƙata, ledar ruwa uku ke nan, a bazarar Kebbi da zafi ke haura digiri 40 kuwa fiye da haka. Ki ɗaura shi da salloli, kofi bayan kowace, mafi yawa kafin Magariba.

Abinci shi kaɗai ba zai mayar da tsoka ba, ’yata, sai an ba ta aiki. Hutun da kuka ba Inna da ƙauna kuka ba ta, amma shi ke cin ƙafafunta, kuma motsi daidai gwargwado sauke hawan jini yake yi. Ku mayar mata da tsintsiyarta da tsintar wakenta. Ki jingina kujera mai ƙwari da bango, ta rungume hannu a ƙirji, ta tashi ta zauna sau biyar kina duba agogo. In ya wuce daƙiƙa 15 rauni ya tabbata, kuma wannan gwajin shi ne atisayen: sau takwas zuwa goma, ta huta, ta maimaita, kwana uku a mako, da farko tana dafa hannun kujera. Ta dafa bango ta riƙa ɗaga dugadugai sau goma, ta ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi don damatsa. Tafiya bayan Asuba ko bayan La’asar, a fara da minti goma, a ja a hankali zuwa talatin, kwana biyar a mako. In jiri ko ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ya zo, ta tsaya a gaya wa likita.

Yau ki rubuta abu uku a takarda: ƙugu 94, kaurin sha-raɓa a inda ta fi kauri, wanda ake so kada ya gaza santimita 31, da daƙiƙun tashi daga kujera. Ki nuna wa yayanku da ƙanwarki, ku sake aunawa bayan wata uku. Ki gaishe mini da Inna, Allah ya ƙara mata lafiya.

Antinki