Bafle mai lasifika ɗaya, da tebur mai rawa: amsoshin wannan mako

Salamu alaikum jama'ar Yamai, wannan karo tambayoyin sauti ne suka fi yawa, na ɗauko biyu.

Tambaya: Malam ni tela ne a Boukoki, na ga bafle mai lasifika ƙwaya ɗaya tak amma ta fi mai uku tsada. Ba cuta ba ce kuwa? Kuma amplina an rubuta mai 2000 W PMPO, zai ja ta?

Amsa: Ɗan'uwa ba cuta ba ce wallahi. Bafle ɗin da muka saba gani tana da babbar lasifika ta bas da ƙarama ta siririn sauti, a ciki kuma akwai filtar da ke raba musu aiki, sau da yawa a wajen 2000 zuwa 3000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) ake yin rabon, to nan ne kuma kunnen ɗan Adam ya fi saurin jin kuskure, shi ya sa wani lokaci za ka ji muryar mai waƙa kamar ta rabu biyu. Mai ƙwaya ɗaya ba ta da filtar, komai daga wuri guda yake fitowa. Sa mata karatun Alƙur'ani ko gurmi ko molo ka zauna gabanta, kai ka ce mutumin na cikin ɗakin. Ni dai don murya ban ga kamarta ba. Lowther a Ingila da Fostex a Japan sun daɗe suna ƙera irinta, wasu har da ɗan mazurarin takarda a tsakiya don ya taimaka ma siririn sautin.

Amma kar in ɓoye maka, kunne na ji daga 20 zuwa 20,000 Hz kuma lasifika ɗaya ba za ta iya duka ba. Mai faɗin santimita 10 bas ɗinta kaɗan ne, kuma in ka kauce gefe siririn sautin sai ya dushe. In kiɗan biki kake so mai bugun ƙirji, bar ta.

Batun ampli, manta da PMPO ɗin nan, lambar talla ce, RMS za ka duba, wato ainihin wat ɗin da amplin ke iya bayarwa ba tsayawa. Abin da ma ya fi wat muhimmanci shi ne dB ɗin da ke rubuce a bayan bafle ɗin, wato ma'aunin ƙarar da take yi da wat 1. Duk ƙarin 3 dB sai an ninka wutar sau biyu, kenan bafle mai 96 dB da wat 1 za ta yi ƙarar da mai 87 dB sai ta sha wat 8. Shi ya sa masu bafle mai dB da yawa suke son ampli mai fitila, wato mai kwalaben gilas irin na tsohon rediyo, kamar mai fitilar 300B da ke ba da wat 8 kacal, kuma ya ishe su. Ni a nan ba zan ce ka saya ba, fitila zafi take fitarwa kamar murhu, ka tuna watan Afrilu a ɗakin kwano. Ɗan ƙaramin ampli kilas D, wato irin wanda ba ya zafi sosai, mai cip TPA3116 ya fi maka, yana aiki da volt 12 zuwa 24, batirin sola ma zai ɗauke shi. Sai dai ka gwada kafin ka biya: kunna shi ba waƙa, kai kunnenka kusa, don bafle mai dB da yawa ba ta rufa ma ampli asiri, in yana da shuuu za ka ji. Kuma ka kula da om, wato ma'aunin yadda bafle ke turje ma wuta, bafle biyu masu om 8 in ka jona su a baki ɗaya sun koma om 4, in amplin bai yarda da 4 ba zai yi zafi.

Tambaya: Daga Talladjé nake. In na ƙara murya tebur da kofunan shayi duk sai su kama rawa, rufin ma yana amsawa. An ce in sa ƙusoshi a ƙasan bafle.

Amsa: Ƙanena fara da wannan, ɗaga bafle ɗin a hannu tana cikin kiɗa, in zizar ta ɗauke to teburin ne. Ƙusa ba za ta raba su ba, ƙara haɗa su ma take yi, ƙarfe ai yana kai girgiza. Abu mai laushi kake buƙata. Yanka ƙwallon tenis biyu ka samu rabi huɗu, ka kife su, ka aza falan dutse ko bulo mai nauyi, sannan bafle a sama. Tib ɗin keken yara da aka hura kaɗan shi ma yana yi sosai. In za ka sa kafinta a Katako ya yi maka ƙafafu, ce ya bar cikinsu rami ka ɗura busasshen yashi, wannan kam ba mu rasa shi ba.

Rufin kwano daban ne, ta iska sautin ke kai mishi, roba ba ta maganinshi. Janyo bafle ɗin daga lungu kamar rabin mita don lungu na kumbura bas, sannan ka nemo kwanon da ƙusarshi ta saki a ɗaure shi.