Ɗana ya dawo gida da matarsa, shin ciyar da su wajibi ne a kaina?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai karɓar fansho, ina zaune a Jekadafari cikin garin Gombe. Babban ɗana ya haura shekara 30, ya yi digiri, ya yi bautar ƙasa. Aikinsa na Abuja ya ƙare, haya ta gagare shi, ya kwaso matarsa da ɗansu ya dawo gida. Tun daga nan tukunyarmu ɗaya, ga ƙannensa samari a gidan, shi kuwa sai barcin hantsi da latsa waya. Raina ya ɓaci har na soma yi masa baki. Shin ciyar da su wajibi ne a kaina? In na ce ya tashi, na yi laifi?

Amsa: Alhaji, Allah ya yaye maka wannan damuwa. Ciyar da shi ba wajibi ba ne a kanka a mazhabar Imamu Malik. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya faɗa a Risala cewa uba yana ciyar da 'ya'yansa maza waɗanda ba su da dukiya har su balaga, muddin ba su da wata naƙasa, mata kuwa har su yi aure su tare. Shehu Halilu a Muhtasar ya ce har ɗan ya balaga yana mai hankali, mai ikon nema. Naka ya cika waɗannan tuntuni. Cin matarsa da suturarta da muhallinta a wuyansa suke, kuma Malikiyya ba su ɗora wa kaka ciyar da jika ba, ko da yake Shafi'iyya sun ɗora masa idan uban ya gaza.

Hambaliyya suna ganin cewa ɗa baligi wanda ba shi da dukiya, ba shi da abin yi, ciyar da shi yana kan uban da ke da rara bayan buƙatarsa. Na kawo wannan ne don kada mu manta da halin da ake ciki: tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 magidanta da yawa suka kasa riƙe gidajen haya, ba don lalaci ba. To amma ko a wannan ra'ayin sharaɗin shi ne rara, kuma ban ga rara a fanshon da ake ciyar da gida biyu da shi ba. Wanda ya nema ya rasa daban, wanda ya ƙi nema yana jiran aikin ofis daban. Kai ka san wanne ne ɗanka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarka shi ne bakin da ka ce ka soma yi masa. Ka daina, don Allah, tun yau. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mu yin mummunar addu'a a kan kanmu da 'ya'yanmu da dukiyoyinmu, don kada mu dace da sa'ar da ake amsawa. Addu'ar mahaifi a kan ɗansa tana cikin ukun da hadisin Abu Huraira ya ce karɓaɓɓu ne. Idan bakin ya kama shi ya lalace, a ƙofar wa zai zauna? Kai ne za ka ci gaba da ɗaukarsa, har da jikan. Ka mayar da wannan bakin wajen roƙa masa buɗi da shiriya a sujadarka. Abin da ka riga ka kashe kuwa bai faɗi ƙasa ba, domin hadisin Salmanu ɗan Amir ya nuna cewa sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci.

Akwai kuma surukarka. Ba muharramar ƙannen mijinta ba ce, kuma Annabi (SAW) da aka tambaye shi game da ɗan'uwan miji cewa ya yi shi ne mutuwa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Muddin suna gidan, a ware musu sashe ko da da zana ne, samarin nan su riƙa sallama, kada a bar keɓancewa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ɗanka ya ƙagu ya nemi nasa wurin.

Saboda haka ya halatta ka ce ya tashi, ba ka yanke zumunci ba. Sai dai ban so ka yi shi cikin fushi, ko a gaban matarsa da ƙannensa. Ka kira shi ku biyu, ko ka sa kawunsa da yake jin nauyi. Ka faɗa masa nawa fanshon yake da inda yake tafiya, don 'ya'ya da yawa ba su sani ba. Ku yanka wa'adi, wata shida ko abin da kuka ga zai yiwu, kuma daga wannan watan ya riƙa kawo wani abu na cefane komai ƙanƙantarsa. Ka karanta masa hadisin Zubairu ɗan Awwam da ke cikin Buhari, cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane. Digiri bai hana shi tsayawa a shagon wani a Tudun Hatsi ba, bai hana shi noman rani a Dadin Kowa ba. In kana da halin ba shi ɗan jari ka ba shi a matsayin bashi, a rubuta, don kyauta ga ɗa ɗaya ban da sauran ita ce Annabi (SAW) ya ƙi yi wa shaida a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir.

In wa'adi ya cika yana ta ƙoƙari abin bai yiwu ba, ƙara masa lokaci ya fi maka lada. In kuwa barcin ne bai bari ba, kana da ikon janye ciyar da shi, amma ka tabbata yaron nan da uwarsa ba su kwana da yunwa a cikin gidanka ba.

Wallahu a'alam.